Tsofaffin 'yan fim da rol ɗaya: iyakar iyawarsu ke nan, ko ɗaure su aka yi?

Abban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da yayana daren jiya, na kwana da ita na tashi da ita, shi ne na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu mai raba mu.

Muna zaune ana nuna wani tsohon fim ɗin Indiya, sai ga Amrish Puri ya shigo, ya zaro idanun nan nasa, ya saki muryar nan da ke sa yara ɓuya a bayan kujera. Yaya ya ja tsaki, ya ce shi har yau bai ga abin da ake zuzutawa a jikin mutumin nan ba. Wai abu biyu ya iya, zare ido da daka tsawa, kuma da su ya yi ta cin kasuwa har ya bar duniya. In ka ga fim ɗinsa ɗaya ka ga ɗari. Bai tsaya nan ba, ya haɗa da kowa da kowa, na Indiya da na Amurka da na Kudu da namu na Hausa. A cewarsa da zarar furfura ta tsiro wa ɗan fim, shi ke nan ya kama layinsa. Wannan uba ne mai hana 'yarsa auren wanda take so, wancan attajiri ne mai baƙin hali, waccan uwar miji ce da ba ta taɓa ƙaunar matar ɗanta ba, ga kuma tsoho mai nasiha da zai mutu kafin a kai rabin fim. Ya ce dalilin ɗaya ne, iya abin da suka iya ke nan, da sun iya wani da tuni an gani.

Raina bai yarda ba, amma da ya ce in kawo hujja sai na shiga kame-kame. Abin da ya faɗo min kawai shi ne ƙarshen Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, a tashar jirgin ƙasa, inda Amrish Puri ya damƙe hannun Kajol gam, jirgi ya fara tafiya, can sai ya sake ta ya ce ta je. Na ce wa Yaya ai wannan ba Mugambo ba ne, mugun nan da ya fito a Mr. India. Ya yi dariya ya ce Mugambon ne dai, 'ya kawai aka ba shi.

To tambayata biyu ce. In ka ga tsohon ɗan wasa ya shekara ashirin yana fitowa a abu guda, laifin wa ne, nasa ko na masu ba shi aiki? Sannan ta yaya mai kallo irina zai bambance wanda ya iya amma aka tauye shi da wanda dama can iyakarsa ke nan? Don Allah masu amsa a haɗa da misali, don Yaya ba ya karɓar magana sai da sunan fim da shekara.

Ɗan Gidan Kallo:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka yi haƙuri, ni dai ina bayan Yayanmu. Akwai wani Jagdish Raj a fina-finan Indiya, ko ba ka san sunan ba ka san fuskar, shi ne sufeton nan da ke isowa da motar 'yan sanda bayan an gama dambe. Sau 144 ya sa kakin ɗan sanda a fim, har sai da ya shiga kundin Guinness a kan haka. Yanzu so kake ka ce min akwai wata baiwa a ɓoye a cikinsa da aka hana mu gani? Sana'a ce kamar kowace, mutum ya gano abin da ke kawo masa aiki ya zauna a kai. Babu aibu a ciki, amma kada a zo ana ce mana an zalunce su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Malam Na Daɓe:

Abban Ummi, ka gaishe min da yayanka, ka ce masa wani tsoho ya ce rabin maganarsa gaskiya ce. Zan biyo ta doguwar hanya, ku yi haƙuri da ni, abin ne ya taɓa faruwa a kaina.

Ni ban yi fim ba, wasan daɓe na yi, shekara goma sha huɗu a ƙungiya ɗaya. Ina da shekara 23 aka rasa wanda zai fito a boka a wani wasa, aka ce in riƙe. Na shafa toka a fuska, na ɗaura tsummokara, na ƙirƙiro wata dariya da ni kaina ban san inda na samo ta ba. 'Yan kallo suka yi ta ƙyaƙyatawa, har da masu faɗowa daga benci. Na koma gida kaina ya yi girma, ashe dabaibayi na ɗaura wa kaina da hannuna. Daga ranar duk wasan da aka rubuta sai an cusa boka a ciki ko labarin ba ya bukatarsa, saboda mutane tun daga ƙofa suke tambaya ko bokan zai fito yau. Sunana na yanka ya ɓace. Na roƙi mai ba mu umarni ya fi a ƙirga ya gwada ni a wani abu, amsarsa ɗaya ce kullum: kana leƙowa za su fashe da dariya, ka ɓata min wasa.

Ranar da Allah ya yi, wanda zai fito a uban yarinyar da ta rasu wajen haihuwa bai zo ba, kuma ni kaɗai na haddace maganganunsa, don kullum ina zaune a wajen gwaji. Dole ta sa aka tura ni. Na fito, kuma wallahi aka yi dariyar, kusan minti guda ana yi. Na tsaya ban ce uffan ba, ina riƙe da ɗankwalin yarinyar, in ninke in warware, in ninke in warware. Dariyar ta yi ta ja da baya har wurin ya yi tsit, ina jiyo wata mata a layin gaba tana jan hanci. Da aka tashi mai ba da umarnin ya rungume ni. Wasa na gaba da ya zo raba rol, boka ya ba ni.

Na daɗe ina jin haushinsa. Sai da shekaru suka ja na fahimci lissafinsa, kuma lissafin nan shi ne na masu fim a ko'ina. Labarin fim yawanci na saurayi da budurwa ne, don matasa ne suka fi cika gidan kallo. Tsoho fitowa huɗu ko biyar zai samu, ba lokacin da za a tsaya ana gina shi. To sai a nemo fuskar da za ta yi bayanin kanta. In Amrish Puri ya sauko daga mota, kafin ya buɗe baki ka riga ka san ko wane ne, darakta ya huta da minti goma na gabatarwa. Mai zuba kuɗi kuma da mai sayen fim ya kai gidajen kallo, su wa ke ciki suke tambaya kafin su tambayi labari. Ƙari a kan haka, a Bombay ta shekarun 1970 da 1980 irin waɗannan 'yan wasa kan yi fim biyu ko uku a rana ɗaya, daga wannan situdiyo su ruga wancan, sau da yawa a wurin ake miƙa musu takardar abin da za su faɗa. Wanda aka ba magana da safe aka ce ya yi ta kafin azahar, abin da yake da shi a aljihu zai zaro.

Yanzu mu zo kan mutumin da ya jawo gardamar. An haifi Amrish Puri a 1932, ya je gwajin kyamara yana matashi aka ce bai dace ba. Ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata, da yamma yana wasan daɓe a ƙarƙashin Satyadev Dubey, ya yi shekaru a haka. Sai da ya doshi arba'in ya fara samun shiga fim. A 1979 aka ba shi lambar Sangeet Natak Akademi, kuma saboda wasan daɓe aka ba shi, shekara takwas kafin Mugambo na Mr. India ya zo duniya a 1987. Ka ce wa Yaya ya nemi Nishant na Shyam Benegal, 1975. Mugu ne a can ma, babban wa a gidan masu gonaki da suka danne ƙauye, amma muguntar mai sanyi ce, ta mutumin da bai taɓa bukatar ɗaga murya ba don ba a taɓa yi masa musu ba. Ka ajiye wannan kusa da Mugambo, wanda da gangan aka yi shi kamar dodon tatsuniya don yara, ka ajiye su kusa da uban Kajol, wanda fim ya buɗe da shi yana watsa wa tantabaru tsaba a Landan yana kewar ƙasarsa. Mutum uku ne masu taurin zuciya, amma ba wanda tafiyarsa ko shirunsa ya yi kama da na ɗan'uwansa.

In kuma so yake ya gan shi ba a mugu ba, ga Gardish na 1993, ƙaramin ɗan sanda mai gaskiya da burinsa ɗaya ɗansa ya zama sufeto, yana ji yana gani yaron ya zama abin tsoro a unguwa. Ga Ghatak na 1996, tsoho mara lafiya da ɗansa ya kawo birni neman magani, har azzalumin unguwa ya wulaƙanta shi a bainar jama'a. A kan wannan ya ci lambar Filmfare. A Chachi 420 na 1997 kuma dariya ya ba mutane, dattijon da ya kamu da son mai rainon jikarsa bai san namiji ne ya yi shigar mata ba.

Ba shi kaɗai ba. Amjad Khan ya yi Gabbar a Sholay a 1975, rol ɗin ma Danny Denzongpa aka fara ba wa, wani aiki ya riƙe shi. Shekara biyu kacal bayan haka Satyajit Ray ya ɗauke shi ya ba shi Wajid Ali Shah a Shatranj Ke Khilari, sarkin Awadh mai son waƙa da rawa wanda Turawa suka raba da gadonsa a 1856. Mutumin da duk Indiya ke tsoratar da yara da sunansa, ga shi yana magana a hankali, ido cike da ƙwalla. Ray ya hango abin da sauran ba su tsaya dubawa ba. Pran kuma ya taɓa yin jarumi a Lahore, ya koma mugu ya yi kusan shekara ashirin a ciki, sai a 1967 Manoj Kumar ya yi kasada ya ba shi gurgun tsohon soja mai kirki a Upkar. Da kasadar ta ci, sai kowa ya tuna ashe Pran ya iya, har ya zo ya yi Sher Khan a Zanjeer a 1973. Iyawar tana nan tun da can, mai kasadar ne bai zo da wuri ba.

Rabin gaskiyar Yaya kuwa ita ce akwai fina-finai rututu da Amrish Puri ya shiga, ya zare ido, ya karɓi haƙƙinsa ya tafi. Mutumin da ya yi fim sama da 400 ba zai yiwu a ce kowanne ya zuba ransa a ciki ba. Inda na saɓa da shi, ya ɗauki abin da aka fi saya a wurin mutum ya ce shi kaɗai ne a shagon.

Maman Haidar:

Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, labarin ɗankwalin nan ya tsaya min a rai. Amma duk kun bi maza kun bar inda abin ya fi muni. Namiji yana iya kaiwa hamsin yana rawa da 'yar ashirin a fim, mace kuwa tana haura talatin da biyar za a miƙa mata farin sari a ce ta zauna ta yi kuka.

Ku duba lissafin shekaru kawai. Nirupa Roy da kowa ya sani da uwar Amitabh, 1931 aka haife ta. A Deewaar na 1975 'ya'yanta biyu ne, Amitabh da ta girma da shekara 11, da Shashi Kapoor da ta girma da shekara 7. Na Raakhee ya fi ba ni mamaki. A Kabhi Kabhie na 1976 ita ce wadda Amitabh yake so, a Shakti na 1982 ta zama uwarsa, alhali shi ya girme ta da shekara biyar. Kada wani ya ce halin Indiyawa ne, Sally Field ta fito tare da Tom Hanks a Punchline a 1988 yana sonta, a 1994 ta zama mahaifiyarsa a Forrest Gump. Shekara shida tsakani. Wace iyawa ce ta ragu a jikin matan nan cikin shekara shida?

Kuma in an tura mace gidan iyaye, ɗaki biyu ne kawai a gidan, na mai kuka da na mai makirci. Lalita Pawar jaruma ce tun zamanin fim mara magana. A 1942 ana ɗaukar wani fim, abokin wasanta ya mare ta da ƙarfin da ya wuce kima, jijiyar ido ta taɓu, idon hagu ya ƙanƙance har abada. Da ta dawo bayan doguwar jinya sai aka ga ai idon ya dace da uwar miji, ta zauna a ciki shekara da shekaru. Amma lambar Filmfare da ta ci, a kan Anari na 1959 ta ci ta, inda ta fito a mai gidan haya mai faɗa a baki da tausayi a zuci, tana ciyar da Raj Kapoor a ɓoye kamar ɗanta. Kun ga har raunin da aka ji mata sai da aka mayar da shi rol.

Mu ma ai ga marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, Allah ya jiƙanta, da ta rasu a watan Afrilun 2024. Da ta bayyana a fim za ka ji mata na cewa to fa, ta zo. Duk wanda ya kalli hirarrakinta ya san mace ce mai fara'a da raha, wato abin da muke tsana a fim aiki ne take yi, kuma ta yi shi har ya zama kamar halinta. Haka Patience Ozokwor a Kudu. Ni a ganina wannan ma hujja ce a kan Yayan Abban Ummi: in mutum mai sanyin hali ya sa ka yarda shi mugu ne shekara ashirin, ai ya riga ya nuna maka ya iya zama wanda ba shi ba.

Laifin masu rubutu ne babba a wurina. Tsohuwa ma tana da labari, tana da kishi da buri da nadama da abin dariya, amma wa ya zauna ya rubuta mata? Sai ga Michelle Yeoh, shekara da shekaru ana kiranta faɗa da tsalle, da aka rubuta labari a kanta ta ɗauki Oscar a 2023 tana da shekara 60.

Ɗan Gidan Kallo:

Malam da Hajiya, na ji, kuma na sallama a kan Amrish Puri, zan nemi Nishant ɗin. Amma kuna ta ɗora wa furodusa da marubuci, kamar 'yan wasan ba su da bakin cewa a'a. Ƙaramin ɗan wasa na yarda, in ya ƙi wani zai karɓa. To manyan fa?

Liam Neeson ya yi Schindler's List a 1993, ba wanda zai ce bai iya ba. A 2008 yana da shekara 56 ya yi Taken, uban da aka sace wa 'ya ya bi sawu da bindiga. Fim ya yi kasuwa. Tun daga nan sau nawa ya maimaita mutumin nan? Yau a jirgin sama, gobe a jirgin ƙasa, jibi cikin dusar ƙanƙara. Wa ya ɗaure shi? Robert De Niro da ya ƙara wa jikinsa kusan kilo 27 don Raging Bull, daga shekara ta 2000 ya koma tsoho mai ɗaure fuska a fina-finan barkwanci, yana kwaikwayon kansa na da. Waɗannan ba masu neman na cefane ba ne. Sabo ne, kuma an ce sabo turken wawa.

Na Leslie Nielsen ma ya fi ban dariya. Shekara kusan talatin yana fitowa a mutum mai kamewa, likita, kwamanda, ɗan sanda. A 1980 aka sa shi a Airplane don ya faɗi shirme da fuskar nan tasa ta gaske. Ya kuɓuta daga keji ɗaya ya faɗa wani, har ya mutu barkwanci yake yi, kuma ga dukkan alamu daɗin abinsa yake ji. Leonard Nimoy ya rubuta littafi a 1975 da sunan cewa shi ba Spock ba ne, wato rol ɗin da aka san shi da shi a Star Trek, bayan shekara ashirin ya sake rubuta wani ya ce shi ne Spock. Wani kejin da kansa mutum yake jawo ƙofar ya rufe.

Malam Na Daɓe:

Ƙanena, wannan karon ka riƙe ni, ba zan musa ba. Ni ma in zan faɗi gaskiya, bayan shekara biyar na daina wahalar da kaina a kan bokan nan. Na san dariyar da za ta ci, na san inda zan juya ido, sai in zo in sauke in tafi. Yabo yana da daɗi, kuma tsoron fitowa a sabon abu a yi maka shiru ya fi ƙarfi a wurin wanda ya riga ya yi suna. Sabon shiga in ya faɗi ba wanda ya gani.

Sai dai kada ka manta Amitabh. Ya maƙale wa rol ɗin saurayi mai fushi har ya wuce hamsin, fina-finai suka yi ta faɗuwa. Da ya yarda ya tsufa a Mohabbatein a 2000, sai ƙofa ta buɗe: malamin kurma makauniya a Black a 2005, yaro mai cutar saurin tsufa a Paa a 2009 inda ɗansa na cikinsa ya fito a ubansa, tsoho mai mitar ciwon ciki a Piku a 2015. Dukkan ukun ya ci lambar ƙasa a kansu. Anthony Hopkins kuma yana da shekara 83 ya karɓi Oscar a 2021 a kan tsohon da tunaninsa ke gushewa, shekara talatin bayan ya tsorata duniya da Hannibal. Da tsohuwar zuma ake magani in an samu mai buɗe tulun.

Abban Ummi, tambayarka ta biyu ba wanda ya taɓa ta. Ga yadda nake yi. Ina kashe murya in kalli mutum lokacin da wani ne ke magana ba shi ba. Wanda iyakarsa ke nan, jira yake layinsa ya zo, fuskarsa a kashe. Wanda ya iya kuwa yana sauraro, za ka ga maganar tana sauka a jikinsa. Sannan in nemi rol biyu nasa masu kama da juna in ga ko mutum ɗaya ne ya canza riga. Yawan sauya kama abin burgewa ne, kamar Sanjeev Kumar da ya fito wa Jaya Bhaduri a miji a Koshish, a uba a Parichay duk a 1972, a suruki a Sholay yana da shekara 37 kacal. Amma wanda ya yi uba sau hamsin kuma kowane uba dabam, shi ma ya yi tafiya mai nisa, ƙasa ya nutsa maimakon ya yi gefe.

Wani lokacin ma tambarin da aka buga wa mutum shi ne makamin darakta mai wayo. Henry Fonda ya shekara talatin yana mutumin kirki a Amurka. Sergio Leone ya kira shi a 1968, ya zo da gilashin cikin ido mai duhu don ya yi kama da mugu, Leone ya ce ya cire, shuɗin idon nan da mutane suka amince da shi yake so. Fitowarsa ta farko ya harbe ƙaramin yaro. Da wani sanannen bos aka sa, da ba wanda zai razana.

A namu kuma abin da na lura, fim mai dogon zango ya yi wa tsofaffi rana, don akwai lokaci. Rabi'u Rikadawa da muka sani da Dila, dubi abin da ya yi da Baba Ɗan Audu a Labarina, yana ba ka dariya yana ba ka haushi a fitowa ɗaya. Marigayi Ƙasimu Yero ya yi Karambana da Hausa, ya yi Uncle Gaga da Turanci a Cock Crow at Dawn. Shi kuwa Rabilu Musa Ibro, Allah ya gafarta masa, ya tafi a Disambar 2014 bai ma kai ga tsufan ba. Na daɗe ina cewa wanda ya san daidai daƙiƙar da zai yi shiru a fashe da dariya, ya san daƙiƙar da zai yi shiru a yi kuka, don agogo ɗaya ne.

Abban Ummi:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Hajiya, da kai ma Ɗan Gidan Kallo duk da ka goya wa abokin hamayyata baya. Jiya bayan isha'i na samo Ghatak na kunna wa Yaya, ban gaya masa dalili ba. Da aka zo inda aka wulaƙanta tsohon a gaban mutane, na saci kallonsa na ga ya ajiye wayarsa. Na yi dabarar Malam na rage murya, ya daka min tsawa ya ce in mayar.

Da fim ya ƙare na ce to yaya? Ya yi shiru, can ya ce gaskiya Danny da ya fito a azzalumin ya iya mugunta. Na ce ba shi na tambaya ba. Ya miƙe yana neman takalminsa, sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce in samo masa na Amjad Khan ɗin nan da ya fito a sarki, amma batun sufeto mai 144 yana nan a kan bakansa.